Sankarar Mama: Su Wa Ya Kamata Su Yi Hoton MRI?

Ba kowace mace ce ke buƙatar hoton MRI na mama ba. An tanade shi ne domin matan da haɗarin kamuwarsu da sankara ya zarce na sauran mata, kuma galibi daga tarihin dangi ake gane su.

A 2007 Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka ta ba da shawarar cewa macen da haɗarinta ya kai kashi 20 cikin 100 a tsawon rayuwa ta riƙa yin MRI duk shekara, haɗe da hoton mamogiram. Yawanci ana farawa ne daga shekara 30. A sahun gaba akwai masu ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado ta BRCA1 ko BRCA2, waɗanda kusan bakwai cikin goma na iya kamuwa kafin shekara 80. Sai waɗanda aka gasa wa ƙirji a asibiti suna tsakanin shekara 10 zuwa 30.

Dalilin zaɓar MRI shi ne, naman maman budurwa ko matashiya yana da kauri, ƙaramin ƙari kan ɓuya a mamogiram. MRI kuwa da maganaɗisu yake aiki. Mace za ta kwanta rub da ciki, a ɗura mata wani ruwa ta jijiya, na'urar ta yi ta ƙara na kusan rabin awa. Ruwan kan taru inda jini ya yi yawa, ƙarin ya fito fili tun hannu bai iya jin sa ba. Aibinsa shi ne yakan nuna abin da ba sankara ba, a yi ta zullumi har sai an ɗebi tsoka an gwada. Ga tsada, kuma ba a yi wa mai juna biyu.

Wannan magana ta shafe mu. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka fitar a 2018 kan masu cutar a Ibadan ya gano kusan ɗaya cikin bakwai gadonta suka yi.

Gadon kuma yana bi ta uba kamar yadda yake bi ta uwa. Don haka a tambayi manya: ciwon me ya kashe gwaggo? Inna tana da shekara nawa aka cire mata mama? Akwai wadda ta yi sankarar ƙwan haihuwa? Idan amsoshin sun taru a gida ɗaya, a kai wa likita su tun ana lafiya, shi zai auna ko MRI ya dace.