Abin Da Ke Cikin Buhu: Yadda Masana Suka Leƙa Cikin Furoton

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Dawanau ya san mai saye ba ya kwance kowane buhu. Wani ɗan ƙarfe mai tsini yake soka wa buhun, sama da tsakiya da gindi, ya dubi 'yan ƙwayoyin da suka zubo a tafin hannunsa, sannan ya yanke hukunci a kan geron da bai gani ba. Wannan ya faɗo mini a rai ne sa'ad da wani ɗan ƙanena, ɗalibin sakandaren kimiyya ta Dawakin Tofa, ya tare ni da tambaya: “Baffa, littafi ya ce akwai kwak uku a cikin furoton. Wa ya gan su?”

Amsar ita ce babu wanda ya taɓa ganin su, kuma ba a taɓa ware kwak guda shi kaɗai ba. Furoton ɗaya ne daga cikin abubuwan da ke tsakiyar ƙwayar zarra. A 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig, kowa da nasa binciken, suka yi hasashen cewa shi ma haɗi ne na wasu ƙananan abubuwa uku: kwak biyu da ake kira “na sama” da ɗaya “na ƙasa”. Hasashen ya sami hujja a 1968, lokacin da masana a cibiyar SLAC ta Amurka suka riƙa harbin furoton da elektiron mai tsananin gudu. Elektiron ne ƙarfen sokar buhunsu. Abu biyu suke aunawa: kusurwar da ya kauce, da yawan ƙarfin da ya rasa. Sai suka tarar yana kaucewa fiye da yadda aka zata, tamkar ya ci karo da tsakuwa a cikin gari. Wannan aiki ya jawo wa Friedman da Kendall da Taylor lambar Nobel a 1990.

To, amma zancen “uku” somin taɓi ne. Awon da aka ci gaba da yi ya nuna kwak ba sa ɗaukar fiye da kimanin rabin ƙarfin gudun furoton. Sauran yana wurin guluwon, wato abin da ke ɗaure su wuri guda. Injin HERA na birnin Hambog a Jamus, wanda ya yi aiki daga 1992 zuwa 2007, ya ƙara nuna cewa duk lokacin da aka zurfafa suka, sai a tarar da dandazon guluwon da kwak da kishiyoyinsu, suna ɓullowa suna ɓacewa. Don haka masana suka daina tambayar “nawa ne?”, suka koma tambayar “wane kaso na gudun furoton kowane iri yake ɗauka?” Jadawalin wannan rabo shi ake kira rabe-raben kwak.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura. Babu injin da ke fitar da wannan jadawali kai-tsaye. Awo daban, fassara daban. Rukunonin masana irin su CTEQ da MSHT da NNPDF kan tattara dubban awo daga gwaje-gwaje iri-iri, su nemo rabon da ya fi dacewa da su duka, sannan su bayyana iyakar kuskuren da ka iya shiga lissafinsu. Sakamakonsu yakan yi kusa, amma ba ya zama ɗaya. An daɗe ana ɗauka cewa kishiyar kwak na sama da ta na ƙasa yawansu ɗaya ne, har gwajin NMC a cibiyar CERN ya nuna a 1991 cewa ta na ƙasa ta fi yawa, gwajin SeaQuest na Amurka kuma ya ƙarfafa haka a 2021. A 2022 NNPDF suka ce sun ga alamar wani kwak mai nauyi, “cam”, zaune a cikin furoton, amma CTEQ suka ce hujjar ba ta kai ba. Babu wanda ya zagi wani. Kowa ya baje lissafinsa a faifai.

Wannan ba wasan masana ba ne kawai. Babban injin LHC na CERN, inda aka gano ƙwayar Higgs a 2012, furoton yake gwarawa da furoton, kuma ba za a iya fassara abin da ya fito ba sai an san abin da ke cikin buhunan biyu.

Ina za a sami awon? A rumbun HEPData, wanda Jami'ar Durham ta Ingila ke kula da shi, kyauta a intanet. Jadawalan da aka riga aka fassara kuwa suna cikin manhajar LHAPDF, ita ma kyauta. Ɗalibin Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello mai kwamfuta da ilimin lissafi na iya sauke lambobin da farfesan Janeba ke aiki da su. Ba mu da injin biliyoyin daloli, amma ƙofar fassara a buɗe take.

Abin da ke tare ƙofar shi ne hadda, kuma hadda 'yar rashin harshe ce. Yaron da ya taso a Bichi ko Ɗambatta ya san ba a sayen hatsi da labari, amma da ya shiga aji sai a ba shi “kwak uku” da harshen da bai ƙware da shi ba, ya haddace ya wuce. Kada a ce Hausa ba za ta iya ba. Kalmar “kwak” kanta daga littafin adabi na James Joyce Gell-Mann ya aro rubutunta, “guluwon” kuwa daga sunan gam na Ingilishi aka ƙera ta. Idan malaman kimiyya da na harshe suka zauna tabarma ɗaya, za mu samar da namu.

Ɗan ƙanena bai sami amsar da ya so ba, amma ya tafi da tambayoyi uku da nake fata kowane ɗanmu zai riƙe: me aka auna, wa ya fassara, kuma ina iyakar kuskuren? Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.