Yaƙi a Jikin Tulu, Yaƙi a Bakin Maroƙi



A gidan tarihi na fadar Fafaroma akwai wani tulun Girkawa da gwani Eksekiyas ya zana wajen shekara 540 kafin haihuwar Annabi Isa. Jarumai biyu na yaƙin birnin Taroy ne a jikinsa, Akilis da Ajas. Ba sara, ba suka. Sun duƙa kan wani allo kamar 'yan dara, kowa riƙe da masunsa biyu, garkuwoyi jingine a bayansu. Akilis na sanye da kwalkwali, Ajas ya tuɓe nasa. Mai zanen har ya rubuta abin da kowa ke faɗi: Akilis ya ce huɗu, Ajas ya ce uku. Gwanin ya bar fagen fama, ya kamo mazaje a lokacin hutu, amma ko a nan ba su yarda sun ajiye makami ba.

Tulu ya tsira. Babban zanen faɗuwar Taroy da Polignotos ya yi a bangon wani zaure a Dalfi kuwa ya shafe ƙurmus. Abin da aka sani game da shi daga matafiyi Fausaniyas ya fito, wanda ya gan shi bayan shekaru kusan 600, ya bi mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa.

A ƙasar Katsinar Maraɗi kuma ba a tulu aka ajiye yaƙi ba. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar ya yo arewa, Sarki Ɗankasawa ya zauna Maraɗi. Sarki Rauda ya kwanta dama a yaƙin Gawakuke a 1836, daga baya Sarki Ɗanbaskore ya riƙa kai hari har ƙofar Katsina. Tarihinsu na cikin kirari da tambari da algaita, da sulke da lifidin da mahaya ke fitowa da su ranar hawan salla.

Gini ma ba ya da tabbas: ambaliyar Gulbi ta 1945 ta rushe tsohon garin Maraɗi, aka koma tudu. Saura bakin tsofaffin makaɗan fada da maroƙa. Duk mai irin wannan dattijo a gida ko a unguwa, don Allah ya ɗauki waya ya naɗi muryarsa tun yana da ƙarfin magana.