Ƙura da Zafi: Yadda Za Ka Kare Moton Motarka Mai Rimot

Yau maganar motoci masu rimot za mu yi, irin su Traxxas Slash ko WLtoys 144001 da ake odarsu ta intanet. Kuɗi ake zubawa a kansu, amma sai ka ga wata biyu kacal moton ya fara ƙara, ƙarfinsa ya ragu, daga nan ya mutu. Abu biyu ne ke kashe shi: ƙura da zafi. Abin haushin kuma, maganin ɗaya shi ke jawo ɗayan.

To, mu fara da sanin moton. Akwai mai burushi, akwai marar burushi. Mai burushi, kamar lamba 540 ko 550 da ke zuwa a motoci masu sauƙin kuɗi, yana da ramuka a jikinsa, wasu ma har da 'yar fanka a ciki. Ta ramukan nan yake shan iska, kuma ta nan yashi ke shiga. In ya shiga sai ya zauna tsakanin burushin da tagullar da yake gogawa, ya riƙa cinsu kamar sanfefa. Sannan akwai mayen ƙarfe a ciki. Ka gwada jan mayen ƙarfe a cikin yashi, za ka ga baƙin gari ya manne masa. To irinsa ne ke taruwa a moton, kuma girgizawa ba ta fitar da shi. Marar burushi galibi a rufe yake, shi matsalarsa boris ne.

Da yawa sai su ce ai da sauƙi, a naɗe shi da leda ko salatif. Kada ka soma! Ka toshe masa numfashi ke nan. Zafi in ya yi yawa yana ƙona fentin da ke jikin wayar koyil, yana kuma raunana mayen ƙarfen, kuma wannan rauni ba ya warkewa ko moton ya huce.

Abin da ya fi shi ne a tare ƙurar tun daga nesa. Ana sayar da rigar raga mai zif da ke rufe gangar jikin motar gaba ɗaya. In babu, safar mata mai shara-shara za ta yi. Gidan sauro kam tsakuwa kawai yake tarewa, ƙurar hunturu wucewa take abinta. Amma fa ku sani, ko ragar ce tana rage iska, kuma in ta toshe da ƙura ta koma bargo. Duk ƙarewar batir a kakkaɓe ta.

Tunda ka rage iska, dole ka biya ta wani wajen. Ka ɗora wa moton alminiyon nan mai haƙora da ke janye zafi, da 'yar fanka a kansa. Abin da ni na fi yarda da shi kuwa shi ne giya: ka rage ƙaramar giyar da ke bakin moton da haƙori ɗaya ko biyu. Gudu zai ɗan ragu, amma moton zai daina wahala. Musamman a yashi mai zurfi ko ciyawa, ko in ka tashi daga batir 2S mai bolt 7.4 zuwa 3S mai 11.1.

Ta yaya za ka gane ya yi zafi? Bayan minti biyar ka tsaya ka auna da ma'aunin zafi irin na bindiga. Ya haura digiri 70, a huta. 80 kuwa haɗari ne. Babu ma'auni? Ɗora yatsa. In ba za ka iya ƙirga uku ba ka janye, ya yi yawa. A bazara da garin kansa ke kai digiri 40, gara a fita da safe ko bayan la'asar.

In an dawo gida, tsohon burushin haƙori da iskar bulawa, sai ɗigon mai ɗaya tak a bakin shaf. Ɗaya fa, domin mai in ya yi yawa shi ke kama ƙura ya zama taɓo.