Ɓeran Ank1 da Jinin Ɗan Funtuwa: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

A Funtuwa da Malumfashi ɓera abokin gaba ne, maɓarnacin masara da dawa a rumbu. Amma a ɗakunan bincike akwai wani ɓera da aka haifa da ciwon jini, wanda ya buɗe wa likitoci ido kan abin da ke riƙe da jajayen ƙwayoyin jininmu. Batun ya shafe mu kai tsaye, mu da muke fama da maleriya duk damina da kuma sikila a gidajenmu.

Me ke riƙe da ƙwayar jini?

Jar ƙwayar jini ba ta da ƙashi, amma tana da sura: faifai ce mai loɓawa a tsakiya, faɗinta bai wuce maikiromita 8 ba. Kwana 120 take yi tana zagaya jiki, tana kutsawa ta hanyoyin da ba su kai rabin faɗinta ba, musamman a cikin saifa, ta lanƙwashe ta fito ta koma yadda take.

Sirrin yana ƙarƙashin fatarta. Ka dubi jinkar ɗaki: ciyawa a waje, sanduna a ciki, igiya ta tanke su. Fatar ƙwaya, wadda ta maiƙo ce, ita ce ciyawar. Sandunan wata raga ce ta furotin mai suna sifektirin, da aka gano a 1968. Igiyar kuwa ankirin ce, wadda Vann Bennett ya bayyana a Amurka a 1979. Gefe ɗaya tana kama sifektirin, ɗaya gefen tana kama wani furotin da ya ratsa fatar, wanda masana suka ba lamba 3. Ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera wannan ankirin ita ce Ank1, kuma ɓera da mutum duk suna da ita.

Abin da ɓeran ya nuna

A cibiyar Jackson da ke jihar Maine ta Amurka an daɗe ana kiwon wani jinsin ɓera da ake kira nb, wanda Ank1 ɗinsa ta lalace. Da yake ɗaurin ya yi sako-sako, fatar ƙwayar tana gutsurewa kaɗan-kaɗan, har faifan ya dunƙule ya zama ƙwallo. Ƙwallo ba ya lanƙwasa. Saifa sai ta tare shi ta narkar. Ɓeran ya rasa jini, saifarsa ta kumbura, ɓargonsa ya yi ta aiki ba hutu. Har ƙwaƙwalwa abin ya taɓa: idan ɓeran ya manyanta yakan riƙa tangaɗi, domin wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu kula da daidaiton tafiya ma da wannan ankirin suke aiki.

Mutane na da irin wannan ciwo na gado, kuma lalacewar ankirin ce kan gaba wajen haddasa shi. A arewacin Turai yana samun kamar mutum 1 cikin 2,000. A Afirka ta Yamma ɗan'uwansa ne ya fi yawa, inda matsalar take a jikin sifektirin, ƙwayoyin su zama masu tsawo kamar ƙwai. Yawancin masu shi lafiyarsu lau, ba su ma san suna da shi ba.

Ina haɗinsa da maleriya?

A nan ne batun ya fi ƙayatar da ni. A 1991 aka wallafa binciken da ya nuna ɓerayen da ke da ƙarancin ankirin ko sifektirin suna jure wa maleriyar ɓeraye. A maleriyar mutane ma, ƙwayar cutar ba baƙuwa ce mai zama kawai ba. Tana shiga jar ƙwaya sai ta fara sake gini: ta aika furotin nata su kama ragar, su tayar da ƙananan ƙuraje a bayan fatar, jar ƙwayar ta riƙa mannewa a bangon hanyoyin jini don kada ta bi ta saifa a kama ta. Wannan mannewar, idan ta faru a ƙwaƙwalwa, ita ke kai yaro ga suma da jijjiga. In ragar ba daidai take ba, aikin ƙwayar cutar yakan cije.

Kada dai a ɗauka ciwon magani ne. Ɓeran ya tsira daga maleriya, amma da rashin jini yake rayuwa. Irin cinikin da ke cikin sikila ke nan: mai AS yana samun kariya daga maleriya mai tsanani, mai SS ya ɗauki wahalar. Ko a sikila ma ragar na da hannu. Asalin matsalar a cikin sinadarin himogulobin take, amma ƙwayar da ta yi ta lanƙwashewa kamar lauje tana miƙewa, daga ƙarshe ragarta kan sandare a siffar lauje, ba ta ƙara komawa daidai.

Abin da ya rage gare mu

Yankinmu ba baƙon bincike ba ne. A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun yi aiki mai tsawo a ƙauyukan Malumfashi kan maleriya da tsargiya da saran maciji. Ina ganin cututtukan ragar jini sun cancanci irin wannan kulawa a yau.

Gwajin jinin da ake yi kafin aure, na AA da AS da SS, himogulobin kaɗai yake dubawa, ba ya ganin ankirin ko sifektirin. Saboda haka yaro na iya zama AA, amma idonsa na yawan yin ɗorawa, saifarsa a kumbure, jininsa kullum a ƙasa, a yi ta ɗura masa maganin maleriya da jiƙon shawara ba sauƙi. Irin wannan yaro a kai shi asibiti, a roƙi likita a shafa jininsa a gilashi a duba surar ƙwayoyin a madubin likita, a kuma faɗa masa idan akwai mai irin wannan larura a dangin uwa ko na uba.