Ciwon Karkarwa: Masana Na Neman Daidaita Saiti Cikin Ƙwaƙwalwa

A ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi, idan hannun dattijo ya soma rawa har ya kasa riƙe fartanya, akan ce tsufa ne, wasu kuma su ɗora wa iska. Alhali kuwa sau da yawa ciwo ne sananne, wanda wani likitan Ingila, James Parkinson, ya bayyana tun 1817. Asalinsa mutuwar wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne masu samar da sinadarin dofamin, watau wanda ke daidaita motsin gaɓoɓi.

Maganin lebodofa yakan kwantar da ciwon, amma bayan shekaru ƙarfinsa yakan riƙa yankewa. A 1987 Farfesa Alim-Louis Benabid na Grenoble, ƙasar Faransa, ya nuna cewa idan aka zura siririyar waya cikin ƙwaƙwalwa, aka haɗa ta da batir da ke ƙarƙashin fatar ƙirji, ƴar wutar da take saki takan tsayar da karkarwa. Amurka ta amince da wannan hanya domin masu ciwon Parkinson a 2002.

Wuyar aikin duk tana ga saiti. Gurbin da aka fi nufa bai fi ƙwayar wake ba, yana kuma can tsakiyar kai. Kuskuren milimita 2 ya isa ya sa harshen majiyyaci ya yi nauyi, ko fuskarsa ta riƙa fizga. Saboda haka masu bincike suka duƙufa wajen zana taswirar hanyoyin jijiya da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, aka kuma ƙera wayoyi masu karkata wuta gefe guda. A 2025 Amurka ta amince da wata na'ura mai sauraren ƙwaƙwalwa, tana ƙara wuta ko ragewa da kanta.

Ina ruwan manomin auduga da wannan? Akwai ƙwarai. Bincike da dama ya danganta yawan cuɗanya da maganin ciyawa mai suna farakwat da ƙaruwar haɗarin ciwon, Tarayyar Turai kuwa ta haramta shi tun 2007. Ga shi kuma a wannan yanki, inda shirin bunƙasa noma na Funtuwa ya fara a 1975, har yau samari kan yi feshi ba safa, ba takunkumi.

Aikin wayar na cin miliyoyin naira, ba kowane majiyyaci ya dace da shi ba, kuma ba ya warkar da ciwon. Abin da ke hannunmu yanzu shi ne ma'aikatan lafiya na karkara su iya gane alamun da wuri, su tura mutum ga likitocin jijiya na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.