Hasumiyar Iskandariyya: Fitilar da ta yi shekara 1,500 tana haska wa jiragen ruwa hanya

A ɗan tsibirin Faros da ke gaɓar Iskandariyya a Masar, an taɓa gina hasumiyar da tsawonta ya haura mita 100. An kammala ta wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da dare akan hura wuta a ƙololuwarta, matuƙa jiragen ruwa su hango, su kauce wa duwatsun bakin tashar.

Girgizar ƙasa ce ta ci ƙarfinta, musamman ta 1303 da ta 1323. Da Ibn Battuta ya sake zuwa a 1349, ya tarar ko shiga ba a iya yi. A 1477 Sultan Ƙaitbay ya soma gina sansanin tsaro a gurbinta, har da wasu duwatsunta.

Sauran suna kwance ƙarƙashin teku, inda tawagar Jean-Yves Empereur ta gano su a 1994. A 2025 an tsamo manyan duwatsu 22 domin a sake gina hasumiyar cikin kwamfuta. Shi kuwa sansanin, igiyar ruwa ta daɗe tana zaizayar gindinsa.