Dawa Ɗaya, Abin Sha Iri-iri

A Kawo da Unguwar Rimi, cikin garin Kaduna, kowa da abin shansa. Wani kunun zaƙi, wani Maltina mai sanyi. Mashaya giya kuwa, wani Star, wani burkutu. Abin mamaki, dawa kan shiga dukkansu.

A 1988 gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Sai kamfanonin giya, har da na Kakuri a ƙetaren kogi, suka koma sayen dawar manomanmu.

To, me ya raba kunu da giya? Tsimi ne. Idan ruwan tsiron dawa ya yi kwanaki a ajiye, ƙwayoyin yis sukan mai da zaƙinsa barasa. Tsimin ne kuma ya sa kunun da ya kwana cikin zafi yake kumfa, yana tsami. Uwargida, dama daidai wanda za a shanye a yini ɗaya.